Garmaho, rikoda da bututu: Tarihin kayan kiɗan da suka riga DJ na kwamfuta a ƙasar Zazzau

A shekarar 2022, karo na farko tun 1987, yawan faya-fayan garmaho da aka sayar a Amurka ya zarce na faya-fayan CD. Kamfanin Panasonic na ƙasar Japan, wanda ya daina ƙera shahararriyar na'urar juya faifai ta Technics SL-1200 a 2010, ya dawo da ita kasuwa a 2016 saboda yawan masu nema. A Turai da Amurka, kewar tsofaffin kayan sauti ta zama ciniki mai riba.

A arewacin Jihar Kaduna ma akwai wannan kewa, sai dai babu kasuwar da ta tallafe ta. A garuruwa irin su Nasarawan Doya da Gimi da Gubuchi a Ƙaramar Hukumar Makarfi, da Hunkuyi a Kudan, da Ikara, tsohuwar rikoda tana can ƙarƙashin gado ko a kusurwar shagon mai gyaran rediyo, kaset-kaset kuma suna cikin buhu, ƙura da zafi suna cin su. A kan zaren waɗannan kaset akwai waƙoƙin makaɗa, da wa'azin malamai, da jawaban 'yan siyasa waɗanda da yawansu ba a taɓa kwafe su zuwa wani wuri ba. Ranar da na'urar ƙarshe da ke iya karanta su ta mutu, muryoyin sun tafi tare da ita.

Wane ne DJ kafin zuwan kwamfuta?

Kalmar DJ taƙaitaccen laƙabi ne na Turanci da ke nufin mai sarrafa faifai. Ta fara ne a gidajen rediyon Amurka, inda ake kiran ma'aikacin da ke zaɓar faifai yana sa wa masu sauraro da wannan suna. A shekarun 1950, a birnin Kingston na Jamaika, sana'ar ta fito titi: mutum ya ɗauko manyan lasifikoki da faya-fayansa ya kafa a fili, jama'a su taru su yi rawa. A ranar 11 ga Agusta 1973, a unguwar Bronx ta birnin New York, wani matashi ɗan asalin Jamaika da ake kira Kool Herc ya yi amfani da na'urorin juya faifai guda biyu a wani biki, yana maimaita gaɓar da ganguna suka fi zafi. Daga wannan dare ake lissafin haihuwar kiɗan hip-hop.

A ƙasar Hausa hanyar ta bambanta. Biki na makaɗa ne: mai kalangu, mai kukuma, mai garaya, mai kotso, da mata masu kiɗan ƙwarya na amada a cikin gida. Mutumin da ya fara zama tsakanin makaɗi da jama'a riƙe da na'ura ba a kiransa DJ. Ana ce masa mai garmaho, daga baya mai rikoda, daga baya mai lasifika. Amma aikinsa shi ne dai aikin DJ: ya mallaki na'ura, ya tara waƙoƙi, ya karanci taro, ya san abin da zai sa da lokacin da zai sa shi.

Garmaho da faifai

Thomas Edison ne ya fara ƙera na'urar da ke ɗaukar murya ta kuma maimaita ta a 1877, Emile Berliner kuma ya fito da mai amfani da faifai shimfiɗaɗɗe a 1887. Ita ce Hausawa suka hausantar da sunanta zuwa garmaho, suka kuma ara wa abin da ake ɗora mata sunan faifan kaba da mata ke rufe ƙwarya da shi, saboda kamanninsu.

Garmahon farko ba ya buƙatar lantarki ko batir. Ana wana shi da hannu, a ɗora allurar ƙarfe a kan faifan da ke juyawa sau 78 a minti ɗaya. Allurar takan dakushe da wuri, don haka ake sayar da ita a ƙananan gwangwanaye ana sauyawa a kai a kai. Faifan yana da nauyi, kuma da ya faɗi ƙasa sai ya tarwatse kamar tangaran. Kowane gefe ba ya ɗaukar abin da ya wuce minti 3 da 'yan kai.

Wannan iyaka ta takura wa waƙar Hausa ƙwarai. Makaɗin fada ko na jama'a ya saba ya ɗauki waƙa ɗaya ya yi ta jan ta, yana ƙara ɗiya gwargwadon waɗanda ke wurin da irin kyautar da ake yi. Faifai ya tilasta masa ya tsuke baki. Sauƙi ya zo da faifan roba mai juyawa sau 33 da sulusi a minti, wanda kamfanin Columbia ya fitar a 1948, mai ɗaukar kimanin minti 20 a kowane gefe, da kuma ƙaraminsa mai juyawa sau 45 da kamfanin RCA ya fitar a 1949. A irin waɗannan faya-fayai ne kamfanoni kamar EMI suka ɗauki muryoyin Alhaji Mamman Shata da Ɗan Maraya Jos da sauran manyan makaɗan Arewa.

Duk da haka faifai bai taɓa zama kayan talaka ba. Na'urarsa tana da tsada, zafin rana yana lanƙwasa faifan roba, ƙurar hunturu kuma tana shiga layukansa ta sa shi ƙara. Ya fi zama a gidajen attajirai da ma'aikata, da otal-otal na Sabon Garin Zariya, da ɗakunan taron ɗalibai a Jami'ar Ahmadu Bello, inda aka san DJ mai na'urori biyu da miksa a zamanin disko.

Babban mai zaɓen waƙa: Rediyon Kaduna

Ga manomin Makarfi ko Ikara, DJ na farko da ya sani yana zaune ne a Kaduna. A 1962 gwamnatin Jihar Arewa ƙarƙashin Sardauna Ahmadu Bello ta kafa kamfanin watsa labarai na BCNN tare da haɗin gwiwar kamfanonin Ingila biyu, EMI da Granada. Shi ne ya zama Rediyon Tarayya na Kaduna a 1978. Tashar tana watsa shirye-shiryenta a gajeren zango, mita 49, har ana kama ta a Nijar da Kamaru da Ghana.

Shirin Zaɓi Sonka ya mayar da mai sauraro abokin aikin mai gabatarwa. Mutum ya sayi kati ko ya rubuta wasiƙa, ya jera sunayen 'yan uwa da abokan arziki da yake gaisarwa, ya zaɓi waƙa. Jin sunan mutum da na ƙauyensa a bakin mai gabatarwa abin alfahari ne, har ƙungiyoyin masu sauraro suka kafu a kan haka. Tashar tana gayyatar makaɗa su yi waƙa a ɗakin ɗaukar murya, ana naɗe su a kan manyan faya-fayan zare. Ta haka ɗakin ajiyarta ya zama ɗaya daga cikin manyan rumbunan waƙar Hausa, tun daga Musa Ɗanƙwairo da Sarkin Taushin Katsina har zuwa rera Imfiraji ta Aliyu Namangi na Zariya.

Zamanin kaset

Kamfanin Philips na ƙasar Holan ya fito da kaset a 1963, amma sai a shekarun 1970, lokacin da kuɗin man fetur ya buɗe ƙofar shigo da kaya, rikoda ta bazu a Arewa. Alhazai suna dawowa da ita daga Makka, 'yan cirani daga Legas da Kano. Sunayen National Panasonic da Sharp da Sanyo da JVC suka zama sanannu har a ƙauye.

Dalilai uku suka sa kaset ya kayar da faifai. Na farko, rikoda tana aiki da batir, ba ruwanta da ko garin yana da wutar NEPA. Na biyu, kaset yana jure wahala: a sa shi a aljihu, a hau keke da shi, ya faɗi a ɗauka. Na uku, wanda ya fi kowanne muhimmanci, rikoda tana ɗaukar murya. Duk mai ita ya zama ƙaramin kamfani. Idan Shata ko Hassan Wayam ko Barmani Choge suka zo wasa, wani zai ajiye rikodarsa kusa da makaɗa ya danna maɓallin ɗauka. Kaset mai minti 60 ko 90 ya mayar wa waƙar Hausa tsawonta, har da kirarin maroƙa da guɗar mata da sunayen masu kari.

Da rikoda mai cin kaset biyu ta zo, kwafi ya zama sana'a. Kasuwar Ƙofar Wambai a Kano ta zama cibiyar rarraba kaset ga Arewa baki ɗaya, daga can dillalai ke kai wa Zariya, daga Zariya kuma zuwa kasuwannin mako na ƙauyuka. Mai sayar da kaset a kasuwa, da teburinsa da lasifikarsa, shi ma mai zaɓen waƙa ne, domin abin da ya sa da ƙarfi ranar kasuwa shi mutane ke tafiya da shi gida. A kan teburin nasa ake samun Shata kusa da waƙoƙin fina-finan Indiya, da ƙira'ar Alƙur'ani, da bege na 'yan bandiri.

Kayan aikin mai lasifika

Bayan kaka, idan an sayar da hatsi da rake da mazarƙwaila, lokacin aure ya kama a wannan yanki. A nan ne mai lasifika ke cin kasuwarsa. Kayansa ba su da yawa: rikoda, amfilifaya, makirfo, bututun amsa-kuwwa ɗaya ko biyu irin na kamfanin Ahuja na Indiya ko TOA na Japan, da batirin mota mai ƙarfin bolt 12. Yakan ɗaure bututun a kan bishiya ko sanda, ya fuskantar da shi cikin gari. Kafin yaɗuwar ƙananan janaretoci, tsawon wasa ya dogara ne ga ƙarfin batir. Idan ya fara rauni, sai muryar mawaƙi ta yi nauyi tana ja, kowa ya san dare ya ƙare.

Aikin yana buƙatar ƙwarewar hannu da ta kunne. Kaset ba shi da lambar da za a danna a tsallaka zuwa waƙa ta biyar. Mai lasifika ya san inda kowace waƙa take ta kallon kaurin zaren da ya naɗu a gefe guda. Don kada batir ya ƙare a banza, yakan zura biro a ramin kaset ya juya da hannu har ya kai wurin da yake so. Idan rikoda ta tauna zare, sai ya zaro shi a hankali, ya yanke inda ya lalace, ya liƙe da salatif ko jan farce. Yana goge kan da ke karanta zare da auduga da sifirit, yana kuma daidaita ɗan ƙaramin noti da sukundireba idan murya ta dusashe.

Wannan kaya ɗaya shi ke yin biki da suna, shi ke yin walimar saukar karatu da Mauludi, shi ke yin sanarwar mai gari da taron siyasa. Mai lasifika mutum ne sananne a gari, wanda ya san dattawan wurin da abin da ba za su lamunta ba.

Siyasa da wa'azi a kan zare

Siyasar Arewa ba ta taɓa rabuwa da waƙa ba. Tun zamanin NEPU da NPC a shekarun 1950, mawaƙa irin su Mudi Sipikin da Gambo Hawaja suna tsara waƙoƙin jam'iyya, makaɗan fada irin su Ɗanƙwairo kuma suna yi wa Sardauna waƙa. A wancan lokacin gidan rediyo yana hannun gwamnati, ɗan adawa kuwa sai dai ya dogara ga bakinsa da dandalin taro.

Kaset ya sauya wannan lissafi a Jamhuriya ta Biyu. Tsakanin 1979 da 1983, lokacin da PRP ta Malam Aminu Kano da NPN ta Shehu Shagari ke fafatawa, kuma Balarabe Musa ya ci kujerar gwamnan Kaduna kafin majalisa ta tsige shi a watan Yuni 1981, waƙa ko jawabin da rediyo ba za ta sa ba yana iya yawo daga hannu zuwa hannu. Mota mai bututu a kai, tana zagaya kasuwannin ƙauye tana sakin waƙar jam'iyya, ta zama alamar kamfe. Haka aka ci gaba har zuwa 1999, shekarar da Ahmed Mohammed Makarfi, ɗan wannan yanki, ya zama gwamna.

A fagen addini ma haka ne. Tafsirin Sheikh Abubakar Gumi da Rediyon Kaduna ke watsawa ya yaɗu ta kaset, ƙungiyar Izala da aka kafa a Jos a 1978 ta yi amfani da kaset sosai, malaman ɗariƙu irin su Sheikh Ɗahiru Bauchi su ma suka mayar da martani ta wannan hanya. Duk mai son fahimtar muhawarar da ta gina Arewar yau, a siyasa ko a addini, zai tarar cewa babban kaso nata ba a rubuce yake ba. A kan zare yake.

Yadda zamanin ya shuɗe

Faifai ne ya fara tafiya. Satar fasaha ta hanyar kwafi ta cinye ribar kamfanoni, tsarin tsuke bakin aljihu na SAP da gwamnatin Babangida ta kawo a 1986 kuma ya karya darajar naira. Manyan kamfanonin waje suka janye: EMI ta Najeriya ta koma Ivory Music, PolyGram ta koma Premier.

Kaset ya daɗe fiye da haka, har ya ga tashin fina-finan Hausa daga Turmin Danya a 1990 zuwa Sangaya a ƙarshen shekarun, lokacin da fiyanon Yamaha ya fara maye gurbin kalangu a waƙoƙin matasa. Daga nan CD ya shigo. Wayar salula ta fara yaɗuwa a Najeriya a 2001, kuma cikin 'yan shekaru katin memori da masu tura waƙa a bakin kasuwa suka rufe babin kaset. A duniyar ƙwararru ma haka ta faru: na'urar CDJ-1000 da kamfanin Pioneer ya fitar a 2001 ta ba DJ damar sarrafa CD kamar faifai, daga bisani kwamfuta ta haɗiye komai.

Abin da ake kewa

Masu kewar wancan zamani sukan ambaci daɗin sauti. Gaskiya ita ce kaset da aka kwafa daga kwafi yana da shuu da dusashewa, bututu kuma ba ya fitar da ƙasan ganga. Ta fuskar tsabtar murya, wayar hannu ta yau ta fi.

Abin da ya ɓace ya fi kusa da zamantakewa. Waƙa tana da wuyar samu, don haka ake sauraronta tare, a zaure ko a teburin mai shayi, daga farko har ƙarshe. Mai lasifika yana da kaset ƙidayayyu, dole ya san su ciki da waje. Na'ura kuma ana gyara ta a gari, ba a jefar da ita. DJ na yau yana da dubban waƙoƙi a kwamfuta da lasifikoki masu girgiza katanga, amma yana yawan samun saɓani da jama'a, har hukumomin Hisba a wasu jihohin Arewa sun sha sanya takunkumi a kan kiɗan DJ a bukukuwa.

Sai dai kewa tana da mantuwa. Zamanin kaset shi ne zamanin da aka kwafi makaɗa dubbai ba a ba su ko kwabo ba, da yawansu suka tsufa cikin rashi alhali muryoyinsu na tashi a kowace tasha. Shi ne kuma ya fara rage wa ƙananan makaɗan ƙauye abinci, tun da hayar bututu ta fi gayyatar mai kalangu da 'yan amshinsa araha.

Zaren da ke mutuwa

Zaren kaset leda ce siririya da aka shafa wa garin ƙarfe mai maganaɗisu. Zafi da laima suna narkar da abin da ya riƙe garin, zaren ya manne ko ya yi fumfuna. A 2019 hukumar UNESCO da ƙungiyar masu adana sauti ta duniya, IASA, sun ƙaddamar da gangamin gargaɗi cewa na'urorin karanta zare da kayan gyaransu suna ƙarewa, suka ambaci shekarar 2025 a matsayin lokacin da kwafe su zai fara gagara.

Wasu daga waje sun riga sun ga darajar abin. David Ames ya naɗi kiɗan Hausa a Zariya a shekarun 1960, aka fitar da shi a jerin faya-fayan UNESCO. Kamfanin Sahel Sounds na Amurka ya sake buga kaset ɗin Mamman Sani na Nijar a faifai a 2013, a shekarar kuma ya fitar da tarin waƙoƙin fina-finan Hausa mai suna Harafin So. Ma'ana, ana sayar da waƙar Hausa a faifan garmaho a Turai, alhali a inda aka haife ta ana zubar da kaset a bola.

Shata ya rasu a 1999, Barmani Choge a 2013, Ɗan Maraya a 2015. Fitattun waƙoƙinsu suna YouTube. Abin da ke cikin haɗari shi ne wanda ba a taɓa sayarwa ba: wasan da aka ɗauka a bikin wani gida, waƙar noma ta makaɗin da sunansa bai wuce gundumarsa ba, jawabin ɗan takarar kansila, karatun malamin zaure, saƙon murya da ɗan cirani ya aiko wa mahaifiyarsa. Cibiyoyi irin su Gidan Arewa da Ma'adanar Tarihi ta Ƙasa da ke Kaduna, da sassan nazarin harsuna da al'adu na Jami'ar Ahmadu Bello, su ne suka fi cancanta su tattara irin wannan, amma kafin su iso, abin yana hannun iyalai.

Abin da mai tsohon kaset zai iya yi

A ajiye kaset a tsaye cikin kwalinsa, a wuri mai sanyi da bushewa, nesa da lasifika ko wani abu mai maganaɗisu. A karya 'yan ƙananan haƙoran da ke samansa domin kada a yi kuskuren naɗar wani abu a kai. Kaset da ya yi fumfuna ko ya manne kada a tilasta masa juyawa, a kai wa mai gyara. Faifai kuma a jera shi a tsaye, kada a ɗora wani kan wani, kada rana ta taɓa shi.

Wajen kwafewa, a haɗa rikoda da kwamfuta ta waya maimakon a kara wayar hannu a bakin lasifika. Manhajar Audacity kyauta ce kuma ta isa wannan aiki. A adana sautin a tsarin WAV, a ajiye kwafi a wurare biyu, kada a zubar da kaset ɗin asali. Sannan a zauna da dattijon da ya mallake shi a rubuta sunan mai waƙar ko mai jawabin, da garin da aka ɗauka, da shekarar, da dalilin taron, tun yana da ran faɗa.